Mijin da Nake Kai wa Aji Ran Litinin

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don ba ni da wanda zan zauna in amayar wa abin da ke cikina. Da bakina na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina, kuma saura kwana goma sha biyu asirina ya tonu.

Shekarata ashirin da shida, shekara biyu da aure. Turanci nake koyarwa a wata ƙasa mai nisa da gida, a wata 'yar makarantar manya da ke hawa na uku, saman wani shagon takalma. Ni aka ba aikin, maigidana biyo ni ya yi. Ya bar wa ƙaninsa shagonsa na gyaran firji, ya zo nan yana aiki a ƙarƙashin wani, yana bin manyan kantuna yana gyara musu na'urorin sanyi kwana shida a mako. Harshen mutanen nan bai wuce gaisuwa da sunayen kayan aiki a bakinsa ba, Turancinsa ma na lallaɓawa ne.

Ni kuwa tun ina sakandare littattafan soyayya ne abokan hirata. Da za mu taho su suka cinye rabin akwatina, har Mama tana faɗa wai na bar tukwane na kwashi takardu. Na ɗauka zaman waje irin na cikin littafi ne. Abin da na tarar shi ne bas biyu da safe, aji biyar a yini, murmushi har muƙamuƙina ya yi tsami, da magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Mutanen nan ba su da mugunta, amma duk wadda ta gayyace ni shan shayi, kafin ya huce sai in gane darasi take so a ɓagas. Maƙwabciyarmu ta ƙasa sau ɗaya ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa, shi ma takardar neman aiki ta kawo in gyara mata. Sauran malamai baƙi irina suna da inda suke taruwa ran Juma'a, amma ba wurin zamana ba ne. Sau biyu na je na riƙe kwalbar lemo ina satar kallon agogo. Ran Asabar in kai wanki shagon injin wanki na bakin titi, in yi cefane, in duba takardun ɗalibai. Ran Lahadi maigidan ya miƙe a doguwar kujera da safa a ƙafa ya yi ta barci, ni in buɗe littafi. Rayuwar ke nan, Anti. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

To ga inda matsalar ta faro. Ina da ajin yamma na mata bakwai, duk manya. Tsarin makarantar shi ne kowace Litinin malami ya fara ba da labarin yadda ya yi hutun ƙarshen mako, ɗalibai su yi masa tambayoyi, sannan kowa ya kawo nasa. Makonni uku na farko gaskiya na faɗa, na yi wanki, na yi barci. Shugabar makarantar ta zauna a bayan aji ta saurara, daga baya ta kira ni ofis ta ce darasina lami ne, in riƙa kawo abin da zai sa su buɗe baki.

Litinin ta gaba sai na ari wani shafi daga littafin da nake karantawa. Na ce maigidana ya rufe min ido da gyale, ya kai ni bakin ruwa, ya shimfiɗa darduma ya fito da abincin da ya dafa da hannunsa. Wallahi Anti, matan da sai na yi da gaske suke haɗa kalma uku, ranar har rige-rigen tambaya suke. Shugaba ta yaba min. Daga nan sai abin ya zame min jiki. Wata bakwai ke nan kowace Litinin ina kai musu miji sabo fil. Ya saya min fure, ya wanke min gashi da nake zazzaɓi, yana ɓoye min 'yan wasiƙu a jaka. Akwai mai kantin magani a cikinsu, uwar tsokana, ta ce ita ba ta yarda akwai irin wannan namiji a duniya ba sai ta ga wasiƙar. Na zauna a bas na rubuta wa kaina wasiƙa da Hausa, na karkata rubutun don kada ya yi kama da nawa na kan allo, na kai musu na fassara. Suka bi ta hannu hannu suna dafa ƙirji.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin abin nake ji. Mintuna goma sha biyar ɗin nan su kaɗai ne a mako nake jin ni ma mutum ce. Kuma matan nan su ne kawai nake da su. Dattijuwar cikinsu, da muke kira Kaka, jikokinta a waje aka haife su shi ya sa take koyon Turanci, ita ce ta saƙa min hular sanyi. Idan ban zo ba su suke kira su ji lafiya. Har ta kai in na dawo gida na tarar da maigidan yana jiƙa hannayensa da suka faffashe a ruwan ɗumi, sai in ji haushinsa ya kama ni, wai don bai zama wancan mijin da nake kai wa aji ba. Alhali bai ma san da wancan ɗin ba.

Makon jiya ƙaramar cikinsu, ma'aikaciyar jinya ce, ta tsaya bayan an tashi. Ta ce kwananta tara a gidan yayarta. Wai ta daɗe tana ce wa mijinta ya je ya ga yadda mijin Malama yake yi, rannan ya fusata ya ce to ta koma gidan Malamar, ita kuma ta haɗa jaka. Tana faɗa tana kuka, ni ina riƙe da abin goge allo na kasa ajiye shi.

Ga shi kuma Kaka ta shirya mana liyafar ƙarshen zango a gidanta, ta ce kowace ta zo da mijinta, musamman ni. Ma'aikaciyar jinyar ta roƙe ni in sa maigidana ya ja nata gefe ya yi masa nasiha, ta ce da ƙyar ta shawo kansa ya yarda zai zo.

Na so in yi shiru in ce ba shi da lafiya ranar. Sai na yi suɓul da baka na ambaci gayyatar muna cin abinci. Anti, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tunda muka zo. Wata goma sha huɗu ba wanda ya taɓa kiran mu mu biyu gidansa. Ya roƙi abokin aikinsa su yi musayar rana, ya je aski, yana ta tambayata me ake kai wa tsohuwa a nan, yana maimaita gaisuwa a gaban madubin banɗaki.

Yanzu ya zan yi? In zaunar da shi in koya masa labaran ya haddace? Ba zai iya ba, mutum ne da ko wasa bai iya yi da ƙarya ba. In hana shi zuwa? In bar ajin gaba ɗaya? In na faɗi gaskiya zan rasa matan nan, in na yi shiru ban san inda auren yarinyar can zai kwana ba. Ki faɗa min ko da zafi ne.

Taki,
Malamar ajin yamma

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ban ga muguwa a ciki ba, na ga yarinyar da kaɗaici da gajiya suka yi wa yawa, aka ce ta kawo labari, ta kawo abin da ta fi sani. Shugabarki ma da nata kason, don labari mai armashi ta nema, ba ta tambayi inda za ki samo shi ba. Amma ranar da kika rubuta wasiƙar nan a bas, abin ya tashi daga darasi ya koma yaudara, kuma kin sani, shi ya sa kika karkata rubutun.

Cire batun haddar nan daga ranki, haka ma ƙaryar rashin lafiya. Za ki mayar da bawan Allah abin kallo a cikin mutane ne, ko ki ƙwace masa gayyata ɗaya tilo da ya samu, a kan laifin da ba nasa ba.

Ma'aikaciyar jinyar ce ta fi gaggawa, kada ki jira Litinin. Kira ta gobe ku haɗu ku biyu. Ki faɗa mata da kalmomi masu sauƙi, waɗanda ba za ta yi musu wata fahimta ba, cewa labaran daga littafi kika ɗauko su, wasiƙar ke kika rubuta, mijinki ma barci yake ran Lahadi. Ki ba ta haƙuri, kada ki kare kanki. Wataƙila akwai abin da ke tsakaninta da mijinta tun kafin ke, wannan nasu ne, ba ke za ki gyara ba. Naki shi ne ki cire mata ma'aunin ƙarya da kika miƙa mata.

Sai maigidan. Wannan ya fi wuya, don duk yadda kika tausasa harshe abin da zai fara ji shi ne bai ishe ki ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki faɗa masa duka, ki bar shi ya yi fushinsa. Kuma kafin ki buɗe baki ki tuna wa kike magana da shi. Mutumin da yake da shagonsa ya rufe ido ya bar shi, ya koma karɓar umarni cikin harshen da ba ya ji, don ke ki yi aikinki. Wata bakwai kina neman labarin soyayya a littafi, wannan ko sau ɗaya ba ki kai wa aji ba. Zuwa liyafar kuma ki bar masa zaɓi.

Ban ce shi ba shi da gyara ba. Mace ba za ta rayu a kan wanki da kallon mai barci ba. Amma ba ki taɓa roƙonsa komai ba, hukunci kawai kike yanke masa a zuci. Idan ƙura ta lafa ki nemi awa biyu a Lahadinsa, ku taka ku fita ko zagayen unguwa ne. Shi ma kaɗaicin nan yana cinsa, shiru kawai ya fi ki.

Ajin kuwa, Litinin ɗin da ke gaban liyafa ki tsaya ki faɗa musu a taƙaice, ba kuka, ba dogon bayani. Mai kantin magani za ta yi miki dariya har ta gaji, ki bar ta, ta ci wannan. Wata za ta iya ja baya, ki ɗauka. Kaka kuwa ina kyautata zaton ta daɗe da gano ki, macen da ta yi jikoki ba ta cika yarda da mijin da ba ya gajiya ba. Daga nan in za ki ba su labari ki ce musu ƙagagge ne, su ma su ƙaga nasu, Turancin dai shi ne za su koya. Tunda kina da baiwar, ki sayi littafin rubutu ki riƙa zuba su a can.

Ba zan yi miki alkawarin duka bakwai ɗin za su tsaya ba. Amma har yau ba su san ki ba, matar wancan mutumin suka sani, shi ya sa kike cikinsu kina jin kaɗaici. Biyu ko uku da za su rage bayan sun ji gaskiya, su ne ƙawayenki na farko a ƙasar nan.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran maigidanki, ya mayar da yarinyar can ɗakinta lafiya.

Antinki