Awa Huɗu a Agogon Inna

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Ga littafin nan na saka a jakar jikanki, wanda na shekara uku ina rubutawa, labarin yarinyar da ke ɗebo wa mutanen gari ruwa lokacin da mayaƙa suka kewaye ganuwa. Editan kamfanin buga littattafai ya ce sai ɗan shekara goma ya iya gama shi cikin awa huɗu, in ba haka ba zai yanke sulusinsa. Ki ba yaron ya karanta, ki riƙa duba agogo kina rubutawa. Ranar da ya gama zan zo in ɗauke shi. Na gaji, Inna, ko ganin takarda ba na so.

Autarki

Auta,

Ina amsawa, gwiwa kuma tana nan inda kika bar ta. Maigidana ya iso lafiya, sai dai kin ramar min da shi, mijin da ko buta ba ya iya ɗauka. Karatu muna yi. Yau kwana shida, awa tara da 'yan mintoci, muna shafi na talatin da biyu. Kalmominki sun yi tauri kamar ƙashin wuya. Kowane layi sai mun tsaya. Jiya mun ɓata rabin awa a kan rijiyar nan, don na ce masa babu yarinyar da za ta ja guga ashirin ba ta ce wayyo bayana ba. Kada ki yi saurin zuwa, tafiya sannu sannu kwana nesa.

Uwarki

Inna,

Barka da gida. Na nuna wa edita wasiƙarki. Ya cire tabarau ya ce awa tara a shafi talatin, ai wannan ba littafin yara ba ne. Ranar Litinin zai yanke babin rijiya da biyun da ke bayansa. Babin nan daga bakinki na ɗauko shi, labarin da kike ba mu in an ɗauke wuta. Ban yi masa musu ba, ba ni da ƙarfin musu. Ƙila ni ce ban iya rubuta wa yara ba. Ki bar yaron ya huta, kada a wahalar da shi.

Autarki

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don yau ni ce mai laifi. Ki zauna kafin ki karanta.

Yaron nan ya gama littafinki tun washegarin zuwansa. Da hantsi ya shige da shi bayan keken ɗinki, na kira shi cin abinci sau uku bai ji ba. Awa uku da minti arba'in, na duba agogon bango. Ya fito ido jawur yana cewa ƙura ce. Kalma ɗaya tak ya tambaye ni, wai mece ce ganuwa. Na ce katangar gari, ya ce to, ya koma.

Sai ya ce, "Kaka, yanzu Mama za ta zo ta tafi da ni ke nan?" Na ce, "Wa zai gaya mata, ragon miji?" Muka koma shafin farko, yana karanta min a bayyane, ni kuwa ina tsayar da shi. In na rasa abin gardama sai in ce tari ya kama ni.

Ban yi zaton wuƙar edita nake wasawa ba. Tun rasuwar babanku gidan nan ba mai magana sai agogo, shi ma abu ɗaya yake maimaitawa. Na so in ƙara kwana biyu ne da muryar mutum. Ki kai wa mai tabarau wannan takardar kafin Litinin, ki ce tsohuwa ce ta yi ƙarya, littafi bai yi ba. Na wanke wa yaron kayansa, suna cikin jaka.

Uwarki, mai neman afuwa

Inna,

Edita ya yi dariya har da tari, babin rijiya ya tsira. Ki fitar da kayan daga jaka. Ina zuwa Asabar da tawa jakar, na ɗauki hutun sati biyu. Ku jira ni a shafi na talatin da biyu, ina da magana a kan gugan nan.

Autarki