Ƙarin Maki Biyar na Dattijo

Ofishin Babban Mai Duba Takardun Jarrabawa na Ƙasa,
Hawa na bakwai,
12 ga Agusta, 2006.

Zuwa ga Hajiya Kubra, Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ne Babban Mai Duba Takardun Jarrabawa na ƙasar nan baki ɗaya, wanda in ya ce yaro ya ci, to ya ci, in kuma ya ce ya faɗi, ko uwarsa ta yi azumin wata uku ya faɗi. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Jamalu da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sassauta muku ruwan saman garin nan naku da aka ce ba ya hutawa. Kada ki yi mamakin babban mutum kamar ni ya rubuto miki da hannunsa. Sakatarorina goma sha biyu duk sun tafi cirar ciyawa a shinkafa.

Jami'anmu sun leƙa gidanku na bakin hanyar ruwa, can bayan Bunkure, sun tarar da kowa lafiya. Baba yana nan da ƙarfinsa, sai dai gwiwar nan da ke tashi in an yi hadari. Inna ta warke daga zazzaɓi, har ta koma faɗa. Shinkafa ta yi kyau bana, ciyawa ma ta yi kyau, har ta ɗan fi shinkafar.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar ƙanenki Dattijo, wanda kuka keɓe wa boko tun yana ƙarami, kuka bar ƙanensa Sammani da allo da fartanya. Kin san wannan ne karo na uku da ya zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake neman maki ɗari biyu. Shekarar farko ya samu ɗari da arba'in da tara, bara ya gangaro ɗari da ashirin da ɗaya, bana kuma takarda ta fito da ɗari da ashirin da shida. Kin kuma san rantsuwar da Baba ya yi a gabanki da Sallah, cewa in bana ba a ga ci gaba ba, Dattijo zai ajiye littafi ya shiga gona kamar kowa. To da aka karanta wa Baba sakamakon, sai ya ce ai maki biyar ya ƙaru, dashe ya fara kamawa ke nan, ba a tumɓuke shi yanzu. Ya sa aka yanka zakara. Ya ce an ƙara wa Dattijo shekara guda, ya zauna a inuwa ya yi karatu, kada wanda ya kuskura ya aike shi ko ɗauko tiyon ban-ruwa.

Hajiya, ofishinmu ya binciki maki biyar ɗin nan, kuma ga abin da ya gano. Ran jarrabawar, Sammani ne ya goya shi a babur zuwa Kano. Tun kafin su wuce Kura Dattijo ya sa aka tsaya sau biyu, ya yi amai a gindin itace. Da suka isa makarantar, ya ga layin ɗalibai da 'yan sanda a bakin ƙofa, sai ya ja da baya. Ya zagaya bayan katanga ya tsuguna, fensir ya faɗi ya ɗauka, ya sake faɗi. Ƙato da gemu ya fashe da kuka har da majina. Ya ce wa ƙanen nasa wallahi komai ya goge daga kansa, ko sunan makarantar da ya gama bai tuna ba. Ya ce in aka rubuta bai zo ba Baba zai kashe shi, don Allah Sammani ya sa rigarsa ya shiga ya zauna kawai, a dai ga an cike gurbin.

Kin san kamarsu ɗaya, sai dai bincikenmu ya nuna Sammani ya fi kyau nesa ba kusa ba. Mai tsaron ƙofa ya dubi hoton kati, ya dubi fuska, ya ce a wuce. Yaron nan da bokonsa bai wuce na Hausa da ya tsinta a jikin motocin tumatir ba, ya zauna a benci, aka ajiye masa takarda cike da Turanci da 'yan gidaje a jere, kowane layi da nasa. Ya kwafi lamba daga kati. Ya duba yadda na kusa da shi ke baƙanta gida ɗaya a kowane layi, ya ce ashe ban-ruwa ne. Sai ya bi takardar yadda yake bin fangali: ya ba na farko, ya tsallaka na gaba, ya kai ƙarshe ya juyo, ba ya barin wani gefe da ƙishi. Tambaya ko ɗaya bai karanta ba. Wani mai tabarau a bayansa da ya ga saurinsa har leƙe ya dinga yi yana kwafa, Allah ya ba shi abin da ya nema. Sammani ne ya fara gamawa a ajin, ya kifa kai ya huta, hutun da bai samu ba tun dashen albasa.

Wannan takardar ita injinmu ya duba ya ba ta ɗari da ashirin da shida. Wato shekara goma sha huɗu ta takalmi da jakar littattafai da fitilar da ake hana kowa taɓawa, ba ta kamo safiya ɗaya ta mai ban-ruwa ba. Shi inji ba ruwansa, bai san Dattijo ba, bai san Sammani ba, baƙin fensir kawai ya sani. A makarantar allo kuwa wa ya isa ya ba da hadda a madadin wani? Malam ya san muryarka, ya san ayar da kake tuntuɓe, ya san ranar da tsoro ne ya kama ka da ranar da wasa ne.

Kada ki ce an zalunci Dattijo a rahoton nan, don haka ga gaskiyarsa. Yaron ya san karatu. Duk unguwar shi ake kai wa kwalbar maganin feshi ya karanta ya faɗi awo, kuma bai taɓa ƙona wa kowa shuka ba. Takardar jarrabawa ce kawai in ya gani yake zama ɗan tsako a ruwa, kuma baɗi ma haka zai zama, da baɗin baɗaɗa. Wannan ba damuwar ofishinmu ba ce. Damuwarmu ita ce ran da aka yanka zakaran, Dattijo ne ya ci cinya biyu, wanda ya ciyo makin kuwa aka miƙo masa wuya da ƙafafu. Dattijo ya ci bai ɗago ya dubi ƙanen nasa ba. Shekara uku ke nan Sammani kaɗai ke tsaye cikin ruwa, ƙafa duk kaushi da faso, tsargiya ta kama shi sau biyu yana fitsarin jini, wani yana ƙarƙashin mangwaro yana juya shafi.

Ba a ce Sammani bai ɗan rage zafi ba. Yanzu Farfesa, wato Dattijo, ne ke wanke masa kaya. In ya wuce shi sai ya zana gidaje a iska da ɗan yatsa, Farfesa ya sunkuyar da kai. Ran kasuwa, a gaban Sa'adiya, yarinyar nan da Dattijo ke zuwa zance wurinta, Sammani ya tambaye shi ko cikin ya lafa, ya kwaikwayi kakarin amai, ta yi ta dariya ba ta san dalili ba. Dattijo ya rame, wuya ya fito. Shekaranjiya ya bi shi har gona, ya durƙusa a kan kunyar gona cikin laka, ya kama ƙafarsa, ya ce in maganar nan ta fita ba zai iya sake haɗa ido da kowa a garin ba. Sammani ya yi masa alkawari ba zai gaya wa Baba ba, ba zai gaya wa Inna ba. Ya kuwa cika.

Ke ce babba, kuma ke kaɗai Baba ke jin maganarki. Ki rubuto masa kafin shinkafa ta nuna, ki faɗa masa ko na wane ne maki biyar ɗin, don yankan bana ya fi ƙarfin mutum ɗaya. An riga an sayo lauje na biyu, an wasa shi.

Ki gaida Malam Jamalu da kyau, ki shafa kan Amiru da Surayya. Inna tana gaishe ki, ta ce kuɓewar da ta busar miki tana jiran mai zuwa.

To Yaya Kubra, na san tun tuni kin gane, don babu hawa na bakwai a garinmu sai rumbun Baba. A kan buhun taki nake rubutun nan, da biron Farfesa. Adireshinki na Turanci ne ya gagare ni, don haka in na liƙe ambulan shi zan miƙa wa ya rubuta a baya da kyakkyawan rubutunsa, ya kai gidan waya a Kura da kansa. Na ce masa gaisuwa ce kawai, har ya ce in sa tasa a ciki. To ga ta nan, yana gaishe ki.

Ni ne ƙanenki,
Sammani.