Ƙafar Robar Ta Auta Ce

Da sunan Allah Mai rahama. Ina rubuta wannan da hankalina cikakke, jiki ne kawai ya gaza. Likita ya ce gyambon dunguna ya ci ƙashi ya shiga jini, na kuma fahimci abin da bai faɗa ba. Ku ukun ku karanta tare.

Na ɗaya. A raba gida da abin da ke cikinsa yadda shari'a ta tsara. Sandunan da nake dogarawa aron asibiti ne, a mayar.

Na biyu. Auta da yayarta ne za su yi mini wanka. Za ku ga abin da na ɓoye muku a ƙarƙashin zane. Ku suturta ni.

Na uku. Tun da mota ta taka ni aka yanke ƙafar daga cinya, sau ɗaya aka auna ni aka yi mini ƙafar roba. Dungu yana ramewa, ƙafar roba kuwa ba ta ramewa, shi ya sa suka ce in riƙa komawa. Na koma. Ɗakin awon benci ne da bokitin farin garin da ake kwaɓawa a ɗauki siffar dungu, da labulen da bai kai ƙasa ba, ma'aikatan duk maza. Awo kuwa sai an ɗage zane, an naɗe cinya da jiƙaƙƙen bandeji, an danna da hannu har sama. Na juyo gida, kuma ba ni kaɗai na juyo ba a cikin matan da ke bencin. Na riƙa cusa safa a ramin ƙafar, da safa ta gaza na koma tsumma, har fata ta buɗe.

Na kira wannan kunya. Amma malami ya gaya mini lalura tana da rangwame, na ji na ƙi. To tsoron Allah ne ya hana ni, ko tsoron idon mutane? Har yau ban sami amsar da zan tsaya da ita gaban Ubangijina ba.

Na huɗu. Kai ɗan fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Auta ta sami gurbi a makarantar koyon haɗa ƙafar roba da takalmin miƙe ƙafar yara. Ka ce ƙanwarka ba za ta yi sana'ar shafa guragu ba, har kuka daina gaisawa. Ina daga ɗaki na ji ka, alhali gurguwa ce ta goya ka. Gurbin ba zai jira ba. Da an share makoki ka kai ta da kanka, akwatinta a hannunka.

Na biyar. Auta, ranar da kika kwaɓa garin a robar wanki kika ce bari ki gwada auna ni, na buge hannunki na ce ba a wasa da uwa. Ki yafe mini. Babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran, amma na san babu mai ja da ke a kan wannan: ƙafar robar taki ce. Kada ki wanke ta, kada ki ciro tsumman. Ki ajiye ta gaban malamanku su leƙa ciki, su ga abin da mace take yi idan babu macen da za ta auna ta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Kada ku bari kabarina ya zama wurin da kuke haɗuwa kaɗai. Ke kuma Auta, ranar da aka ba ki ɗakin awo, ki sa labulen da ya kai ƙasa.