Takin da Yaya Rabe Ya Kira Tsakuwa

Malam Shafi'u, don Allah ka taimake ni, murna na neman raba ni da yayana.

Ni direba ne, jigilar kaya nake daga Jibiya zuwa Maraɗi, sai in yi kwana da kwanaki ban ga gida ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili a Magama, da dashen mangwaron da ya yi da hannunsa. Yaya Rabe ya ce a sayar, tunda ba mai kula da su. Na yi ta magiya, ya ce in dashen ya kai damina a raye, maganar sayarwa ta mutu.

Sai na samo takin nan mai narkewa a hankali, wanda ake sawa sau ɗaya ya yi watanni yana ciyar da shuka. Na binne, na bar wa maƙwabcinmu ban ruwa. Yaya ya je ya tona, ya ga ƙwayoyin ba su narke ba, ya bi dangi yana cewa an sayar min da tsakuwa a bakin boda. Har ya kwashe na layi ɗaya, ya zabga takin yuriya a gindin itatuwan, wai zai koya min noma.

Malam, layinsa ƙurmus! Nawa kuwa kore shar, har da sabon toho. Filin Baba ya tsira, wallahi har rawa na taka. Amma yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata, ni kuma bakina ƙaiƙayi yake, so nake in fasa ƙwai a gaban dangi. In fasa?

Direban Magama

Ɗan'uwa, barka, ka yi rawar gani. Amma ka riƙe bakinka.

Yayanka ba mugunta ya yi ba. Wanda ya saba ganin taki ya narke da ruwan farko, dole ya zargi wanda bai narke ba. Ya yi kuskure, kuma itatuwan mahaifinsa ne suka ƙone a hannunsa. Wannan ciwon ya ishe shi.

Kai ma kada ka saki jiki. Takin ba ya maye gurbin ruwa, kada a haɗa shi da wani takin, kuma a riƙa nisanta shi da gindin shuka.

Ka sayo sabon dashe, ka je har gida ka roƙe shi ya raka ka ku cike layin. Ka miƙa masa takin ya binne da hannunsa, kai ka riƙe bokiti. Ka ceci filin, saura zumuncin. Allah ya sa ku sha mangwaron nan tare.