Audu Ya Ce Haka Ne

Talata. Aikin farko: kai wa Audu fura da maganinsa gidan waƙafi. An karɓi furar, an maido mini da maganin, wai sai da takardar likita.

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta ba, wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka. Amma wa zan kai wa ƙorafin?

Audun Inna Kande, wanda ka yi shekara goma kana kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, yau kwanansa goma sha tara a tsare. Ka san halinsa na kwashe takalman masallata daga rana ya jera su a inuwa. Mu a Kurugu kowa ya san inda zai nemi nasa. To ranar kasuwa ya bi mota zuwa Rogo, ya yi wa masallatan can irin taimakon, aka kama shi da takalma a hammata.

A kotu alƙali ya tambaye shi ko sata ya yi, ya ce haka ne. Magatakarda ya rubuta ya amsa laifi. Yaya, Audun da ko ce masa ka yi shi ne hakimi, haka ne zai ce? Na miƙe zan yi bayani, aka ce in zauna tunda ni ba danginsa ba ne. Na ce haka ne, na zauna.

Kai ma ina jin haushinka. Kwamitin da ka kafa na bin sawun masu taɓin hankali in an kama su, ashe a kanka kaɗai yake. Na zazzage akwatinka, babu katin asibiti, babu sunan likita ko a bayan kwalin ashana. Mu huɗu ka bari. Liman ya ce a dage da addu'a. Malam Iro sai ya gama cire gyaɗarsa. Tela ya ce duk abin da na yanke ya yi. Ni? Ni da na buga takardar roƙon alƙali sassauci sau uku a tafireta, har yanzu ban yarda da ita ba?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka ce in raka ku Kano, ba zazzaɓi nake ba. Kunyar a gan ni da shi a mota nake ji. Da na je, da yau na san ƙofar likitan.

Jibi za a yanke hukunci. Audu ya daina barci, ya koma magana shi kaɗai. Ɗazu ya kalli takalmina a rana ta tagar ɗakin da yake tsare, ya ce in matsar da su.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, tunda mu ba mu huta ba.

Ƙanenka da ka bari da aiki,
Habu

Gobe:
1. Dagaci, bayan asuba, ya sa hannu a takardar roƙon.
2. Dangwalen yatsan masallata a takardar. An samu sha ɗaya, saura 'yan layin maƙera.
3. Motar Kano. In nemi likitan, ko ɗaki ɗaki ne.
4. In gwada tsayuwar da zan yi jibi a kotu. In an ce in zauna, kada in ce haka ne.