Hancin Aro

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya yara?

Albishirinki: aikin lambun nan ya tabbata! Mijinki da ya shekara ashirin yana cin littattafai yau baro yake turawa, kuma wallahi daɗi nake ji.

Ga yadda aka yi. Tsohuwar da ke da gidan ta ce gwajina guda ne: in je wurin masu sayar da dashe in zaɓo mata wardi mai ƙamshi, don ta gaji da masu kyan banza. To, murar da na ce miki ta warke, ta warke ɗin, sai dai ta tafi da hancina. Wata uku ke nan albasa da turare duk ɗaya ne a wurina. Kada ki gaya wa Inna.

Na karanta takardun da ke jikin tukwanen, kowacce na rantsuwa furenta ya fi ƙamshi. Sai na koma gefe ina kallon masu saye. Manyan jajayen nan, a sunsuna a wuce. Amma akwai wani fari mai yamutsattsen fure, duk wanda ya sunkuya kansa sai ya lumshe ido. Shi na kwaso, tukunya shida.

Tsohuwa ta sunsuna, ta lumshe ido, ta ce, "Kai, hancinka ya san aiki!" Na ce yin Allah ne.

Turaren da kika sa min a jaka kullum nake shafawa. An ce yana da daɗi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Mai tura baro