Bidiyo Ɗaya a Waya Biyu

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan kowa ƙalau.

Yaya, maganar ɗanka Abdulmalik da ke nan wurina ce, amma kwantar da hankalinka ka karanta har ƙarshe. Ashe tun bayan salla wani fasinjan adaidaitarsa ya saka shi a wani guruf na waya. Da fari wa'azi ne, daga baya sai zagi da hotunan gawarwaki. Ina ta mitar ya daina hira da mu, ban san dalili ba. Makon jiya suka turo musu bidiyon gidaje na ci da wuta, wai 'yan'uwanmu ake ƙonawa a Filato, suka ce kowa ya rubuto gidajen mutanen can da ke unguwarsu. Ka san Rifkatu, malamar firamare 'yar Filato, shekara sha biyar katangarmu ɗaya.

Ran Laraba sai ga ta ta shigo yi mana sallama, ido jajir, ta ce ta ɗaure kaya za ta kwashe yara su tafi. Ta nuna mini bidiyon da ke yawo a guruf ɗin 'yan garinsu, wai su ake ƙonawa, kuma saura na Kano. Abdulmalik na cin tuwo ya leƙo, sai ya tsame hannu. Ya ajiye wayarsa kusa da tata. Wallahi Yaya, bidiyo ɗaya ne, har akuyar da ta gifta! Rubutun ƙasa kawai aka canja.

A gabanta ya faɗa cewa ya riga ya rubuta gidanta, turawa ce ta rage. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya goge abin da ya rubuta, ya ɗauki hoton wayoyin biyu ya tura guruf ɗin. Ko minti biyar ba a yi ba suka cire shi, har da barazana. Bai ji tsoro ba, ya kai wa mai unguwa komai, suka wuce wurin 'yan sanda tare.

Na san halinka da faɗa. Don Allah in ka kira shi, fara da sa masa albarka. Ni dai ina alfahari da shi. Da hannunsa ya kwance wa Rifkatu kayanta, ita kuma har yau Auduna take kiransa.

A gaishe da Anti Lami da Nafisa.

Ƙanwarka,
Sa'adatu